Yammacin Rana a Bakin Tekun Kushadasi

Duk mai karanta Ayyukan Manzanni ya san Afisa birni ne na bakin teku. Manzo Bulus ya taɓa isa can cikin jirgin ruwa tare da Akila da Bilkisu, ya kuma bar birnin cikin jirgin ruwa. Amma yau ba jirgin da zai kai mutum Afisa, gama teku ya ja da baya fiye da kilomita 5, ya bar kufan birnin a tsakiyar gonaki. Jiragen da ke kawo masu son ganin kufan a wani gari dabam suke tsayawa, mai suna Kushadasi, a yammacin ƙasar Turkiyya. Daga can sai a shiga mota, tafiyar kamar rabin awa.

Mu goma sha ɗaya ne masu jin Hausa a cikin jirginmu, maza da mata, har da wani tsohon fasto da muke kira Baba, da wata dattijuwa ta zumuntar mata da muke kira Mama. Jirgin irin na masu yawon buɗe ido ne, yana tafiya da dare, ya tsaya da rana a wani gari, fasinjoji su sauka su yi kallo, su komo kafin magariba. Da safe aka kai mu Afisa. Muka ga babban gidan wasan nan mai cin mutum wajen 24,000, inda aka yi tarzoma saboda wa'azin Bulus. Daga ƙofar gidan wasan akwai wani titi mai faɗi, shimfiɗe da duwatsu, tsawonsa ya fi mita 500. A dā shi ne titin tasha, da kantuna dama da hagu, har ana kunna masa fitilu 50 da dare. Muka bi shi da ido har ƙarshensa, ba mu ga ruwa ba, sai ciyayi da fadama. Da ƙarfe ɗaya aka komo da mu Kushadasi, aka ce kowa ya kasance cikin jirgi kafin ƙarfe biyar da rabi. Waɗansu suka tafi barci. Mu kuwa muka ce bari mu taka titin bakin teku na garin da ya gaji Afisa.

Ba a fita daga tashar sai an ratsa cikin kantuna, haka aka tsara ta. Da fitarmu sai ga wani gini na dutse a gabanmu, mai kama da ganuwa, da ƙofa babba. Zangon fatake ne, wanda wani wazirin Daular Usmaniyya mai suna Mehmed Pasha ya gina a 1618. Tsakar gida ce mai faɗi, da ɗakuna hawa biyu kewaye da ita. A nan fatake suke sauke kayan da aka ɗauko daga cikin ƙasa, su jira jirgi. Baba ya daɗe yana duban ƙofar, ya ce an yi ta yadda raƙumi zai shiga da kayansa ba a sauke ba. Bayan zangon sai kasuwa: dardumai, rigunan fata, tukwane masu zane, busasshen ɓaure, gama lardin Aidin, inda garin yake, ya yi suna wajen ɓaure. Wani mai kanti ya rubuta da Turanci cewa yana sayar da agogunan jabu na ainihi. Muka yi dariya, muka ce ko ba kome ya faɗi gaskiya.

Ciniki a can kamar na gida ne, a faɗi kuɗi a sama, ka taya a ƙasa, a haɗu a tsakiya. Abu ɗaya ya ba mu sha'awa. A kasuwarmu in mai kaya ya ce albarka, ya ƙi tayinka ke nan. A can kuwa sai an sallama, kuɗi ya shiga hannun mai kaya, sa'an nan ya ambaci bereket, watau albarka, yana roƙon ta a kan cinikin. Kalma ɗaya ce daga Larabci, ta bi hanya biyu.

A kusan kowane tebur akwai abu biyu da ba a rasawa. Na ɗaya wata tsakiya ce shuɗiya mai kama da ido, ana rataya ta a ƙofa, a mota, a wuyan jariri, wai tana tsare mutum daga mugun ido. Ba sai an fassara wa mutumin ƙasarmu wannan ba, mun san laya, mun san maganin baki. Na biyu kuwa ƙananan gumakan Artimis ne, allahiyar Afisawa, na roba da na farar ƙasa, an jera su kamar tumatir. Ku tuna da Dimitiriyas maƙerin azurfa, wanda ya tara abokan sana'arsa domin ya ga wa'azin Bulus zai kashe musu kasuwa. Haikalin Artimis, wanda aka lasafta shi cikin abubuwan al'ajabi bakwai na duniyar dā, yau ginshiƙi ɗaya tak ke tsaye a wurinsa, shi ma harhaɗa shi aka yi daga gutsattsari, wasu tsuntsaye irin shamuwa sun yi sheƙa a kansa. Ba mai yi wa Artimis sujada. Amma sana'ar Dimitiriyas tana nan da ranta, sai dai masu saye yanzu baƙi ne, da yawansu ma Kirista, suna neman tsaraba.

Mama ta sayi ɓaure kilo ɗaya wurin wani saurayi, shi kuwa ya ɗora mata tsakiyar nan a kai kyauta. Ta ɗauke ta a hankali ta mayar masa, ta nuna sama da yatsa, ta dafa ƙirjinta. Saurayin bai ji haushi ba. Ya yi murmushi, ya dafa nasa ƙirjin, ya ƙara mata ɓaure biyu a maimakon tsakiyar. Ba wanda ya ji harshen wani.

Daga kasuwa muka ƙetare zuwa bakin ruwa muka nufi arewa. Titin shan iskar yana da faɗi, an dasa itatuwa masu kama da dabino a gefensa, da kujeru suna fuskantar teku. A dama otal-otal da gidajen abinci, a hagu ruwa shuɗi har iyakar gani. In ka waiwaya sai ka ga jirginmu ya fi kowane gini a garin tsawo, bayansa kuma gidaje masu launi iri iri sun hau kan tudu. Masunta suna zaune a kan dakali da ƙugiya, kyanwoyi na kewaya su suna jiran rabo. Akwai mai tura amalanke yana sayar da wani burodi mai kama da zobe, an barbaɗe shi da riɗi. Can gaba akwai siffar wani babban hannu a buɗe, da tsuntsaye suna tashi daga cikinsa, alamar salama, kowa na tsayawa ɗaukar hoto. Sa'ad da muke wurin aka yi kiran sallar la'asar daga masallacin tsohon gari, wanda wazirin nan ya gina tare da zangon. Muryar ba ta yi mana baƙunci ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu ba gine-ginen ba ne, mutanen garin ne. Ga tsoho da tsohuwarsa suna tafiya sannu sannu, hannunta cikin nasa. Ga uba yana tura keken jariri, uwar tana biye da 'yar yarinya mai shan ƙanƙara. Ga kaka da jikoki uku a kujera ɗaya suna ɓare 'ya'yan wata fulawa suna ci. Ba inda za su, ba abin da suke saye, sun fito ne kawai su kasance tare. Ɗaya daga cikin matanmu ta dubi maigidanta ta ce, "Maigida, yaushe rabon da mu fita haka, ba biki ba, ba jana'iza ba, ba asibiti ba?" Ya ce ai ga shi sun fita yau. Ta ce sai da aka ƙetare teku tukuna.

Muka sami kujera muka zauna, hira ta koma kan titin da muka gani da safe. Gama shi ma haka yake a zamaninsa, da kantuna, da fatake, da iyalai masu shan iska, da jirage a ƙarshensa. To, me ya kore teku daga Afisa? Wani kogi ne da ba shi da girma sosai, yau ana ce da shi Ƙaramin Menderes. Kowace damina yana kwaso laka da yashi daga tuddai, ya zuba a bakin tashar. Da aka sare itatuwan tuddan aka mai da su gonaki, lakar ta ƙaru. Afisawa ba su naɗe hannu ba. Tun kafin haihuwar Almasihu wani sarkin Birgamas mai suna Atalus na Biyu ya sa aka gina bango aka ƙuntata bakin tashar, yana zaton ruwan zai ƙara zurfi, sai bangon ya riƙe lakar a ciki, abin ya ƙara lalacewa. A zamanin Sarki Nero, shekaru kaɗan bayan zaman Bulus a birnin, an yashe tashar. A ƙarni na 2 wani gwamna ya kafa doka ya hana masu yankan dutse zuba ƙurar aikinsu cikin ruwan, dokar tana nan a rubuce a kan dutse. An yi ta yasa, kogi yana ta kawowa. Wanda ya san yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa a wajen Haɗeja da Nguru zai gane irin wannan yaƙi. A ƙarshe tashar ta zama fadama, fadama ta kawo sauro, sauro ya kawo zazzaɓi, mutane suka koma kan wani tudu inda garin Selcuk yake yanzu. An kai wa Afisa hari ba sau ɗaya ba, girgizar ƙasa ma ta rushe ta, amma ta sake tashi daga waɗannan. Daga laka ce ba ta tashi ba. Fataken Italiya suka mai da cinikinsu wannan gaɓar da muke zaune, suka sa mata suna Skala Nova, watau Sabuwar Tasha.

Muka juyo, muka wuce tashar, muka nufi kudu inda wani ɗan tsibiri yake, wanda aka haɗa da gaɓa da hanya ta duwatsu. Sunansa Tsibirin Tantabaru, daga gare shi kuma garin ya sami suna, gama Kushadasi ma'anarsa tsibirin tsuntsaye. An kewaye shi da ganuwa, da hasumiya a tsakiya. Daga kan ganuwar, in ka dubi kudu maso yamma, sai ka hangi duwatsun wani babban tsibiri. Samas ke nan, ƙasar Girka. A inda ya fi kusa da gaɓar Turkiyya, ruwan da ke tsakani bai kai kilomita 2 ba.

Baba ya buɗe sura 20 ta Ayyukan Manzanni. A tafiyarsa ta ƙarshe zuwa Urushalima, jirgin Bulus ya bi ta wannan ruwa. Ya wuce Afisa da gangan domin yana sauri, ya biya Samas, kashegari ya isa Militas, daga can ya aika dattawan ikilisiyar Afisa su zo su same shi. Ya tuna musu shekara uku da ya yi yana koya musu a fili da kuma gida gida. Ya gargaɗe su a kan hatsari iri biyu, mugaye da za su faɗo wa garken daga waje, da waɗansu da za su taso daga cikinsu. Suka durƙusa suka yi addu'a, suka yi kuka, suka raka shi har jirgi. Militas ma yau tana can nesa da ruwa, wani kogin ya yi mata abin da aka yi wa Afisa. Wannan ruwan kuwa bai daina ganin masu ban kwana ba. A 2015 kaɗai mutum fiye da 800,000 suka ƙetare daga gaɓar Turkiyya zuwa tsibiran Girka, galibinsu masu gudun yaƙin Siriya da Afganistan, cikin jiragen roba, waɗansu ba su kai ba. Muna tsaye da tikitin jirgi mai ɗakin kwana a aljihu, abin ya yi mana nauyi.

A hanyar komowa muka tsaya shan shayi. A ƙananan kofunan gilashi suke ba da shi, ja wur, ba madara. Mai wurin dattijo ne mai ɗan Turanci. Da ya ji daga inda muka fito, ya kuma ji mu Kirista ne, sai ya jawo kujera. Baba ya tambaye shi ko akwai Kirista 'yan asalin garin. Ya girgiza kai, ya nuna wajen teku, ya ce sun tafi tun kakarsa tana yarinya. Ya ce ita ma kakar tasa ba a nan aka haife ta ba, daga tsibirin Karita aka kawo ta, Musulma ce, amma har ta mutu harshen Girka ta fi ji, in ta yi mafarki gidansu na can take gani.

Ga abin da ya faru. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Girka da Turkiyya suka yi yaƙi. A watan Satumba na 1922 sojan Girka suka sha kashi, birnin Samirna, wanda yau ake kira Izmir, ya ƙone, Kiristan gaɓar nan suka gudu zuwa tsibirai da abin da hannu zai iya ɗauka. A watan Janairu na 1923 ƙasashen biyu suka sa hannu a birnin Lozan a kan musayar jama'a. Kiristan Otodoks wajen miliyan 1.2 suka rabu da Turkiyya, Musulmi kusan 400,000 suka rabu da Girka. Da addini aka raba, ba da harshe ba. Akwai Kirista da ba su jin kome sai Turkanci, aka kai su Girka, akwai Musulmi da ba su jin kome sai Girkanci, aka kawo su nan. Kafin 1914 kusan mutum ɗaya cikin biyar a ƙasar Kirista ne, in aka haɗa da Armeniyawa da Suriyaniyawa, waɗanda aka hallaka da yawansu a lokacin yaƙin. Yau Kirista ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

Mama ta yi shiru har shayinta ya huce, sa'an nan ta ce, "Baba, ashe wannan shi ne alkukin da aka ce za a kawar?" Tana nufin saƙon da aka aika wa ikilisiyar Afisa cikin sura 2 ta Wahayin Yahaya, inda aka yabe su saboda wahalarsu da jimirinsu da ƙin malaman ƙarya, aka kuma zarge su da barin ƙaunarsu ta fari, aka ce in ba su tuba ba za a kawar da alkukinsu. Mun sha jin wa'azi a kan haka, mai wa'azi ya nuna hoton kufai ya ce ga sakamako.

Baba ya ce, "Mama, mu yi hankali da bakinmu a nan." Ya ce an rubuta saƙon nan wajen ƙarshen ƙarni na fari. Ba da daɗewa ba Ignatiyus na Antakiya, yana kan hanyarsa zuwa Roma inda aka kashe shi, ya rubuta wa Afisawa yana yabonsu ƙwarai. A shekara ta 431 a Afisa aka yi babban taron shugabannin ikilisiya na duniya. A ƙarni na 6 Sarki Justiniyan ya gina babbar majami'a a wurin da ake cewa kabarin Yahaya yake. Har 1922 akwai ƙauyen Kirista a kan tudu kusa da kufan, wanda yau ake kira Shirinje, majami'unsa suna nan. Watau an yi shekara wajen 1,800 ana kiran sunan Yesu a wannan kwari bayan gargaɗin. Ya ce mutanen da suka gudu ba su bar bangaskiyarsu a baya ba, da sun bar ta ai da waɗansunsu sun tsira da gidajensu. Sun ɗauke ta sun ƙetare da ita. A Atina akwai unguwa mai suna Sabuwar Samirna, da wata Sabuwar Filadelfiya, a arewacin Girka kuma akwai ƙauye mai suna Sabuwar Afisa, jikokinsu suna sujada a can.

Mun ga Baba yana da gaskiya, mun kuma ga dalilin da ya sa ya yi maganar da zafi. Cikin masu karanta wannan mujalla akwai waɗanda suka bar ƙauyukansu da tsakar dare, majami'ar da suka gina da hannunsu tana can ba rufi, suna sujada yanzu a wani gari cikin aji na makaranta. Ba daidai ba ne wani ya zo ya ce musu zunubinsu ne ya jawo. Abin da aka zargi Afisawa da shi ba ya ganuwa a kufai. An zarge su ne sa'ad da tasharsu ke cike da jirage, taronsu kuma cike da mutane, koyarwarsu ba karkata. Ƙauna ce ta ragu, irin raguwar da ba a iya cewa ga ranar da ta fara. Ɗaya daga cikin mazanmu ya ce shi abin ya tuna masa addu'ar safe ta gidansa. Ba ranar da suka zauna suka ce a daina. Yaro ya makara makaranta, aka ce gobe, aka sami baƙi, aka ce jibi, yau shekara biyu ke nan. Matarsa ta ce uku. Ba wanda ya yi dariya, gama ba gidansu kaɗai ba ne. Ikilisiyar Afisa ma, in mun duba ƙarshen wasiƙa ta fari zuwa ga Korantiyawa, a cikin gidan Akila da Bilkisu waɗansunsu suke taruwa.

Mai shayi ya ƙi karɓar kuɗin Baba, ya ce shi tsoho ne kuma baƙo. Baba ya sa masa albarka da Hausa, shi kuwa ya amsa da Turkanci. Jirgi ya yi ƙaho na fari, titin ya cika da fasinjoji masu sauri, kowa da ledar tsaraba. A ƙofar tasha aka duba katinmu ɗaya ɗaya, ƙarfe biyar da kwata muka shiga. Da jirgin ya tashi muka hau bene muna duban fitilun titin suna kunnuwa, iyalai suna ta ƙaruwa a bakin ruwa, gama da yamma ne mutanen garin suka fi fitowa, bayan baƙi sun tafi. Mama ta raba mana ɓaure. Aka yi shela cewa da asuba za mu isa Batmusa, masu son ganin kogon su kasance a shirye da ƙarfe bakwai.